Wa Ke Shan Wutar Maigida?

Ranar da aka kafa masa faifan sola shida a kan rufi, wani magidanci a Kano ya sanar da majalisa cewa shi da NEPA sai gaisuwa. Yana da hujja: a Afrilun 2024 aka mai da yunit ɗin 'yan Band A naira 225.

Bayan mako biyu ya leƙa mita, ya tarar yunit na zurarewa kamar ruwa a rariya. Maƙwabci ya fara zargi. Har bayan katanga ya zagaya da tocila yana neman wayar sata, ya dawo da ƙaiƙayi a ƙafa.

Da aka kira mai gyara, bai ko ajiye jakarsa ba. Ya danna maɓallin inbata sau uku, ya ce, "Alhaji, ai a kan USB take." Wato wutar gwamnati farko, sannan rana, sannan batir, alhali saitin SBU ne ke mai da wutar gwamnati ƙarshen layi. Cajin ma an bar shi a buɗe, duk dare inbata na cika batir da kuɗin maigida, gari na wayewa rana ta iske tulu a cike. Faifan kuwa ƙurar hunturu ta yi musu bargo, rabonsu da tsumma tun ranar kafi.

Saura yunit ɗin da ke zurarewa da asuba. A nan aka gano hitar ruwa mai wat 1,500 a banɗakin maigidan kansa, wadda idan ta haɗu da dutsen guga da famfon burtsatse nauyi ke fin ƙarfin inbata, ta miƙa gidan ga NEPA salin alin.

Uwargida dai ba ta ce uffan ba, shayi kawai ta ƙara wa mai gyara.