Tinyar da ke kwana a ɗaki

Zurik, Suwizalan
Watan Janairu

Zuwa ga taubashina, bawan gidanmu,

Ka gaishe min da Gwaggo, ka durƙusa da gwiwa biyu, ba irin durƙuson nan naka na mai sauri ba.

Nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu. Tinya nake reno. E, tinyar da ka sani ta bayan dutse, wadda ka karya reshenta muna yara ka murza ido da hannun, ka kwana uku kana kiran Gwaggo. Ita ce yau take kwana cikin ɗakina, a bakin taga, cikin tukunyarta.

Wani dattijo maƙwabcina ne sanadi. Yana da ɗakin gilashi cike da tsirran wuraren fari, wasu daga Meziko, wasu daga Madagaska. Ina cikin kallo sai na hango wani guntun kara mai launin toka da ɗan tukkun ganye a ka. Ban san lokacin da na ce "Tinya!" ba. Ya ce sunanta Euphorbia poissonii, daga iri ya shuka ta, shekara takwas ke nan, ga ta ko taƙi biyu ba ta kai ba. Da na gaya masa a wajenmu tana fin mutum tsayi, har shinge ake yi da ita saboda awaki, sai ya jawo kujera ya zauna, ya ce in maimaita. Shi kuma ya ba ni labarin da ya sa tsigar jikina ta tashi: wani sinadari mai raɗaɗi da masana suka gano cikin nononta, sunan da suka sa masa tinyatoxin. Sunanmu na Hausa ke nan ya shiga littattafan kimiyya. Ka ga ashe ba ragwanci ne kaɗai ya sa ka ihu ba.

Ya ba ni ƙarama ɗaya, ni kuwa na riƙe ta amana. Ba a sa mata ƙasar lambu, sai tsakuwa mara nauyi ta dutse mai aman wuta, yadda ruwa zai zarce nan take. Yanzu ta zubar da ganye, ta shiga raninta, don haka ko ɗigo ba na ba ta sai bazara, domin jiƙa da sanyi in suka haɗu saiwar ruɓewa take yi. Zafin ɗaki ba na barinsa ya sauka ƙasa da digiri 15. Na saya mata fitila saboda ranar nan ƙarfe biyar ta faɗi. In zan taɓa ta, sai da safar hannu da tabarau. A waje dusar ƙanƙara na zuba, ni ina dubanta ina jin ƙamshin dutsenmu bayan ruwan farko.

Garin nan ma yana da gidan adana irin waɗannan tsirrai a bakin tafki tun 1931, shiga kyauta. Za ka ga mutane da riguna masu tsada sun sunkuya gaban ƙaya suna magana ƙasa-ƙasa.

Na san ka, tun kafin ka kai nan ka fara lissafin buhu nawa za ka saro. Ajiye gatarin! Yarjejeniyar CITES, da ta fara aiki a 1975, ta hana ƙetare iyaka da irin wannan tsiro sai da takardar izini. Kuma wadda aka tumɓuke daga dutse ba kasafai take rayuwa ba, asara biyu ke nan.

Abin da nake so, ka hau dutsen ka ɗauko min hoton babbar nan ta kusa da kogo. Ka tsaya gefenta don dattijon ya ga tsayinta, tunda kai ba ka da wuyar fi. Ka kuma roƙi masu farauta su daina cinna wuta a gindinta. Hannuwanka su zauna cikin aljihu.

Kuɗin shara sai na ga hoto.

Ubangidanka na Zurik