Yadda Za Ka Koyi Kwamfuta Ba Tare da Ka Kira Ni Ba

A kowane dangi akwai mutum guda da aka yanke wa hukuncin cewa "ya san kwamfuta". Ba a zaɓe shi a taro ba, shi ma bai nemi muƙamin ba. Wata rana ce aka gan shi ya danna wani abu, allon da ya ɗauke ya dawo, shi ke nan aka naɗa masa rawanin da ba a tuɓewa. A danginmu ni ne wannan bawan Allah. Tun da Kawu ya yi ritaya, ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka 'yar gwanjo, aka kuma ba shi sakataren kwamitin masallacin unguwa, wayata ba ta sake sanin hutu ba. Shi ya sa na zauna na rubuta waɗannan shawarwari, domin masu koyo su amfana, ni kuma in samu barcin bayan azahar. Ba zan tsaya koya muku yadda ake kunna ta ba. Maɓallin yana nan inda yake, ku danna shi.

Na ɗaya: imel. Kana da shi. Kada ka yi mini gardama, kana da shi. Kusan duk mai riƙe da wayar Android an buɗe masa Gmail ranar da ya saye ta, haka ma yawancin yaran da suka taɓa cike fom ɗin JAMB, wadda jarrabawarta ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Matsalar ita ce wanda ya buɗe. Yaron shago ne. Shi ya zaɓa maka suna, shi ya zaɓi kalmar sirri, ya sa lambar wayarsa a gurbin da ake turo saƙon ceto in an manta, ya karɓi kuɗin aikinsa, daga baya ya bar sana'ar ya koma sayar da takalma a wani gari. Yau kai ga ka a gabana, kana cewa in "ɗan duba" maka. In duba me? Abu na farko da za ka yi, tun kafin ka gama karanta wannan, ka shiga saitin asusunka ka mai da lambar ceto ta zama taka.

Kalmar sirri kuma kada ta zama 123456. Shekara da shekaru ita ce ke kan gaba a jerin kalmomin sirrin da mutanen duniya suka fi amfani da su, wato ɓarawo ma da ita yake buɗe baki. Kada ta zama sunan ɗan farinka haɗe da shekarar haihuwarsa, domin duk unguwa an je sunan, an ci tuwo. Tsawo ya fi dabara: ka jera kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, ka rubuta a littafi, ka ajiye inda kake ajiye takardun gida. Kada ka manna ta a jikin kwamfutar kamar yadda wani dattijo da na sani ya yi, har da jan layi a ƙarƙashi. Kuma kowane asusu da tasa. A 2013 an yi wa Yahoo kutse, daga baya kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi dukkan asusunsa biliyan 3. Wanda ya yi amfani da kalma guda a ko'ina, tamkar mai gidan da ɗan makulli ɗaya ke buɗe masa zaure da shago da rumbu ne, ya kuma yar da shi a kasuwa.

Sannan, don girman Allah, kada ka ba ni ajiya. A yanzu haka kalmomin sirrin Kawu da Gwaggo da wani maƙwabci duk suna kaina, tawa ce kawai ta fara shige mini duhu.

Na biyu: rubuta saƙon. Akwai ƙaramin akwati a sama, na taken magana ne. Kalma huɗu sun ishe shi: "Taron kwamiti ranar Asabar". Kawu a cikinsa yake zuba wasiƙar baki ɗaya, tun daga sallama, da gaisuwa mai tarin yawa, da fatan an yi sallah lafiya, har zuwa "naka har kullum". Babban filin da ke ƙasa kuwa ya bar shi fayau. Ba na faɗa da gaisuwa, mu da ita aka san mu, amma layi ɗaya ya wadatar, sai a shiga abin da ya kawo mu. In ka ga duk rubutunka ya fito da manyan baƙaƙe, Caps Lock ka taɓa, kuma a al'adar intanet ana ɗaukar mai manyan baƙaƙe a matsayin mai tsawa. Liman bai yi maka komai ba.

Ga wadda ta fi yawa: "Ga takardar nan a haɗe." Babu komai a haɗe. Bayan minti biyu sai wani saƙon: "Afuwa, ga ta." Nan ma babu. Maganin wannan shi ne ka juya tsarin: ka fara liƙa fayil, ka rubuta saƙo, adireshin mai karɓa ya zo ƙarshe. Saƙon da ba shi da adireshi ba ya tafiya ko da hannunka ya yi gaggawa. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 kai tsaye, saboda haka bidiyon walima ba zai shiga ba, sai dai ya hau Google Drive a tura hanyarsa. Akwai kuma damar janye saƙo bayan an tura, ana iya saita ta har daƙiƙa 30. Bayan nan sai istigfari.

Maɓallin amsa wa kowa da kowa kuwa, ku bar shi ya huta. An turo sanarwar rasuwa ga mutum sittin, kowa ya amsa wa sittin da "Amin". Addu'a tana isa inda za ta ba sai ta biyo ta akwatina ba.

Na uku, kuma a nan raha za ta ɗan yi ƙasa. Abin da ke cutar da mu a intanet ba jahilci ba ne kamar yadda ake yawan faɗa, tarbiyya ce. An koya mana kada mu katse mai magana, kada mu ƙi amsa wanda ya yi sallama, kada mu nuna wa baƙo muna zarginsa. 'Yan damfara sun san wannan sarai, da shi suke cin abinci. Wani ya kira Kawu ya ce daga banki yake, ya ambaci cikakken sunansa, ya ce akwai matsala a BVN ɗinsa, za a rufe asusu kafin la'asar in bai karanto lambar da aka turo masa yanzu ba.

Na ce, "Haba Kawu, ya za ka karanta masa?"

Ya ce, "To ɗana, yaron nan fa mai ladabi ne. Har ƙafata ya tambaya."

Abin da ya cece shi, bai sa tabarau ba, ya karanta 6 a matsayin 8, har lambar ta mutu. Kuɗin fanshon dattijo, raunin ido ne ya tsare su.

Ku saurara da kyau. BVN lamba 11 ce da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014, kuma bankinka yana da taka tuntuni, ba ya bukatar ka karanto masa ta waya. Babu bankin da ke tambayar lambar sirrin katinka, ko lambobi ukun da ke bayansa, ko lambar wucin gadin da ake turowa lokacin cire kuɗi. Wannan lambar ita ce sa hannunka. Duk wanda ya tambaye ta, ko da muryarsa ta fi ta mai karanta labarai daɗi, ka kashe waya. Ba sallama, ba "bari in yi shawara", ba "Allah ya huci zuciyarka". Kashe. In zuciyarka ba ta kwanta ba, sa takalmi ka je reshen bankin da ƙafarka.

Haka ake sace WhatsApp. Wani zai kira ya ce shi ɗan ƙungiyarku ne, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo maka lamba shida ta shiga, ka karanto. Lambar nan ta mai da asusunka kan wayarsa ce. Kafin magariba ya bi 'yan uwanka ɗaya bayan ɗaya da sunanka da hotonka, wai kana asibiti, a taimaka da dubu ashirin. Kuma za su tura, domin su ma masu tarbiyya ne. A cikin saitin WhatsApp akwai tabbatarwa mai mataki biyu, minti ɗaya ake kunna ta. Na faɗa a taron dangi, na faɗa a wurin ɗaurin aure, na faɗa wa Gwaggo har sau ba adadi. Amsar da nake samu ita ce, "In ka zo ka sa min."

Gwaggon nan dai ita ce ke turo mini saƙon "ana raba tallafi, danna nan, ka tura wa mutum ashirin". Wata rana kyautar data ce, wata rana ɗaukar aiki, wata rana kujerar Makka. Na ce, "Gwaggo, wace gwamnati ce ke raba kuɗi da sharaɗin a tura wa mutum ashirin?" Ta ce, "Ai ban sani ba ko da rabon wani." Ka ji fa! Ita alheri take nufi. Yawancin shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa. In ka ga adireshi mai dogon wutsiya da haruffa a hargitse, ka bar shi. Ɗan hoton kwaɗo da ke gefen adireshi ma ba shaidar gaskiya ba ne, yana nufin dai babu mai leƙen abin da ke tsakaninka da shafin, ko da shafin na ɓarawo ne. Mu ne fa ƙasar da sashe na 419 na dokar manyan laifukanta ya zama sananne a duniya, mu ke da EFCC tun 2003, mu ke ba da labarin 'yan yahu a majalisa muna dariya, sannan mu koma gida mu danna. Wallahi wani lokaci abin haushi yake ba ni, ba dariya ba. Wani abu kuma, in ka shiga imel ɗinka a shagon intanet, ka fita daga asusun kafin ka tashi. Rufe shafi ba fita ba ne.

Na biyar. Na huɗu yana nan wani wuri. Manhajar da nake rubutu da ita ta lura na fara jera lambobi, sai ta ce ita ma za ta taimaka, ta tura sakin layi ciki, ta sake ƙirga daga ɗaya. Wannan ya kawo mu batun buga takarda, kuma ga maganin irin wannan taimako: Ctrl da Z. Yana janye abin da aka yi na ƙarshe, ko kai ka yi ko ita. Da za a samu irinsa a zaman aure da kotuna sun huta.

Ctrl da S yana adana aiki. Ka danna shi duk lokacin da ka numfasa. Microsoft Word, wadda ke tare da mutane tun 1983, tana ɗan ajiye kwafin ceto duk minti 10 in ba a sauya saitin ba, amma wuta ba ta duba agogo kafin a ɗauke ta, batirin 'yar gwanjo kuwa sunansa kawai batir. Ka ba fayil suna na hankali da kwanan wata. A kwamfutar Kawu akwai "na ƙarshe", da "na ƙarshe 2", da "na ƙarshe na gaske", da "wannan shi ne". Babu ɗaya daga ciki da shi ne.

Na nawa muke? Oho. Kada ka yi ta dukan dogon maɓallin tazara don kai take tsakiyar shafi, Ctrl da E ne aikinsa. Sabon shafi Ctrl da Enter. Jan layin da ke ƙarƙashin kowace kalma ba yana nufin ba ka iya Hausa ba, an bar manhajar ne a kan Turanci, sai ka sauya harshen dubawa ko ka kashe shi.

Sai haruffa masu ƙugiya, inda duk marubucin Hausa ya taɓa zubar da hawaye. Jerin madannan da muke bugawa gadon keken rubutu ne da Christopher Sholes ya tsara a Amurka a shekarun 1870, kuma babu wanda ya tuna da ƙ da ɗ da ɓ a wurin. Shi ya sa aka daɗe ana dabaru: wasu su sa q da x da v a madadinsu, wasu su ɗora zubin haruffa na musamman irin Rabi'at, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, ya kuma yi mana rana a zamaninsa. Sai dai in ka kai irin wannan fayil kwamfutar da ba ta da zubin, sai ka ga baka-biyu da wasu alamomi sun tsaya a tsakiyar kalmomi. Yanzu kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode. A cikin Word ka buga 0199 ka danna Alt da X, ƙ za ta fito; 0257 na ɗ ne, 0253 na ɓ, 01B4 kuma na ƴ ga 'yan uwanmu na Nijar. Amma in harafin da ya gabata a ne, ko b, c, d, e, f, zai haɗe da lambar ya haifo wata halitta daban, sai ka fara sa U+ a gaba. Na yi wa Kawu wannan bayani tiryan-tiryan. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, in na buga takardar sai in bi ta da biro in sa musu ƙugiyar." Ban iya ce masa komai ba. Mai son sauƙi ya shiga saitin harshe na Windows ya ƙara madannan Hausa, a waya kuma Gboard yana da su.

Na yi niyyar in yi bayanin tebur, da yadda ake sa hoto ba tare da rubutu ya watse zuwa shafi na tara ba, da lambar shafi. Na fasa. Batun firinta ma kada mu fara, ban taɓa ganin wadda ta yi aiki a ranar da ake bukatarta ba. Ka adana takardarka a PDF don kada ta sauya kama a hanya, ka tura wa mai shagon bakin titi, ka biya shi kuɗin shafi, ka karɓo abinka. In ta fito a karkace, shi za ka kira.