Saiwa Ba Ta Son Idon Jama'a

Bayan ruwan Yuli wani dattijo a Malumfashi ya tuge masara guda, ya kakkaɓe ƙasar, ya nuna mini saiwar, fara fat kamar ba ta taɓa jin labarin rana ba. Ya ce, "Kai ɗan boko, me haske ya yi mata take gudunsa?"

Na gyara tsayuwa. Na ce, Baba, laifin ba na haske kaɗai ba ne. A bakin saiwa akwai 'yan ƙwayoyin sitaci masu nauyi, duk inda suka kwanta, can ne ƙasa. Sai wani sinadari, oksin, ya taru a wannan gefen. A jikin kara girma yake ƙarawa, karan ya lanƙwasa ya bi rana. A saiwa kuwa birki yake takawa, sai ta karkata ta nutse. Tun 1880 masanin kimiyya Darwin ya lura bakin saiwar ne ke ba da umarni.

Dattijo ya jinjina kai. "Ashe halin mutanen Funtua ne in an sayar da auduga. Ganye na waje yana gaisawa da dangi, mai ajiyar yana can ƙasa, waya a kashe."