Daraktocin Wasanni, Kowa da Halinsa

A kowace jami'a akwai wani ofis can ƙurya, dab da filin ƙwallo, inda ciyawa ta fi tsawo. Nan Daraktan Wasanni yake zama. Ɗalibai na biyan kuɗin wasanni lokacin rajista, shi kuwa zai rantse maka bai taɓa ganin ƙeyar kuɗin ba. Babban aikinsa shi ne ya kai yara gasar NUGA ta jami'o'in Najeriya, wadda aka fara a Ibadan a 1966, ya kuma dawo da su da ƙafafunsu. Takwarorinsa na kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA, na kwalejojin ilimi suna da NICEGA, amma halin duk ɗaya ne.

Akwai tsohon ɗan wasa, wanda ko matarsa Koci take ce masa. Usur ba ya barin wuyansa, ko a wajen ɗaurin aure. Zai ba ka labarin tseren mita 100 da ya yi shekarar da aka yi gasar a Zariya, kuma duk lokacin da ya maimaita sai daƙiƙun sun ragu. In ya ƙara shekara biyar a ofis, Usain Bolt ma sai ya bi bayansa. Da ba don gwiwa ba, in ji shi, da yanzu wani zancen ake yi.

Sai Farfesa, wanda shugaban jami'a ya ɗauko daga wani sashe don a samu mai iya rubuta takarda. Rabonsa da gudu tun ranar da ruwan sama ya tare shi a kasuwa. Da ka kawo kuka sai ya kafa kwamiti. Shi ya sa hannu a sanarwar da ta ware yammacin Laraba don wasanni, shi ne kuma ya sa wa ɗalibansa gwaji ranar Laraba da ƙarfe huɗu.

Mai sito shi ne abin ƙaunar masu binciken kuɗi. Ƙwallayen da aka saya masa suna nan cif, ko ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba. Yaro ya zo ya durƙusa ya ce, "Yallaɓai, a taimaka mana da ƙwallo," sai ya ce, "Ku rubuto." Kafin takardar ta fito ɓeraye sun gama da raga.

Wanda ya fi kowa ban sha'awa shi ne mai sojan haya. Shi bai yarda da wahalar horar da yara ba. Gasa na matsowa sai ka ga sababbin ɗaliban aji ɗaya sun ɓullo, ƙwauri kamar taɓarya, wani ma da furfura a gemu. Kowa da katin shaidarsa, hoton ko bushewa bai yi ba. Ranar tantancewa ce ranar tashin hankalinsa, don ya kwana yana bita da su: sunan sashe, sunan shugaban sashe, lambar rajista. Mai tantancewa ya dubi ƙato ya ce, "Malam, me kake karantawa?" Ƙato ya gyara tsayuwa ya ce, "Lamba tara." Aka kore shi, darakta ya fi kowa salati, yana tambayar yadda aka yi wannan mutum ya shigo motarsu. Ban ga laifin ƙaton ba, shi kaɗai ya faɗi gaskiya a ɗakin.

Mai uzuri kuwa ya tanadi jawabinsa tun kafin a tashi. Jami'ar Fatakwal ta sha zuwa ta ɗaya, kuma ninƙaya na cikin inda take kwasar zinare. Shi ke nan ya samu mafaka: "Su fa suna da ruwa." Ka ce to tseren fa, ai ba a ruwa ake yi ba, sai ya ce zafi ne ya yi yawa.

Akwai kuma wanda aikin ya shiga jininsa, kuma irinsa ne ke riƙe da harkar. A watan Maris na 2022 aka yi gasar a Jami'ar Legas, alhali ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki tun 14 ga Fabrairu, ɗalibai duk sun watse. Irinsa ne ya bi su a waya ɗaya bayan ɗaya, yana lallashin iyaye: "Baba, amana ce, ni zan kai ta, ni zan dawo da ita." Alawus bai fito ba, ya ciyar da su daga aljihunsa. Mota ta lalace a hanya, shi ne a gaba wajen turi. Ranar da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango, tare da wasiƙa daga sito cewa akwai ƙwallaye uku da ya karɓa bai dawo da su ba.