Lambun Malalaci

A 1978 aka kammala madatsar ruwan Bakolori, manoman Maradun da Talata Mafara da Bakura suka samu na noman rani. Suna can suna fama da tumatir, mai son lallashi kamar amarya: yau ban ruwa, gobe feshi.

Malalaci kuwa lambunsa na bayan ɗaki. Ya karyo reshen zogale ya soke a ƙasa, ya kama. Uwargida ta watsar da 'ya'yan kabewa a juji, damina ta ƙarasa aikin, har yaɗo ya haye danga ya haihu a gidan maƙwabci, aka shiga gardamar mai ita. Tafasa ko gayyata ba ta jira. Aikinsa ɗaya, korar awaki, shi ma ya ɗora wa yara.