Daren Da Hajiya Babba Ta Faɗi

A ofishinmu akwai wata tsohuwar firinta da ma'aikata suka laƙaba wa suna Hajiya Babba, saboda ta girmi kowace na'ura a wurin, kuma ba ta aiki sai ta ga dama. Da aka ɗora mini kula da na'urorin da ke kan layin ofis, daga rauta da suwic har kyamarorin tsaro, sai na ce ni ba mai zagaye ɗaki-ɗaki ba ne. Na samu wata kwamfuta da aka yi watsi da ita, na saka mata Nagios, manhajar da Ethan Galstad ya fito da ita a Amurka a 1999 da sunan NetSaint. Duk minti 5 sai ta aika wa kowace na'ura ɗan saƙon nan da ake kira ping. Wadda ta amsa, shi ke nan. Wadda ta yi shiru, a kai ƙararta.

Sunayen na'urorin na rubuta su yadda kowa ya saba kiransu, saƙon ƙarar ma na tsara shi da Hausa: wance ta faɗi, ba ta amsawa. Na haɗa modem mai layin waya don ya riƙa fita ta tes. Akwai gurbin da ake faɗa wa manhajar sau nawa za ta sake gwadawa kafin ta yi kururuwa, na rubuta 1. Gurbin maimaita ƙara, minti 5. Lokaci, dare da rana. Sannan don a san ana aiki, na ƙara lambar Alhaji, mai kamfanin, ban gaya masa ba. So nake abin ya burge shi.

Ya kuwa burge shi, da ƙarfe biyu na dare.

An ɗauke wuta, batirin da ke riƙe da suwic ɗin saman bene ya mutu, ita kuwa kwamfutar sa-ido tana kan nata batirin, idonta biyu. Duk abin da ke bayan suwic ɗin ya yi tsit, ita kuma ta shiga kai ƙarar kowa ɗaya bayan ɗaya. Cikin saƙonnin da suka cika wayar Alhaji, ɗaya kawai idonsa ya gani. Ashe mahaifiyarsa ma Hajiya Babba ake ce mata a gida. Ko hula bai tsaya nema ba ya figi mota, ya je ya tashi unguwa da bugun ƙofa, ya tarar da tsohuwa lafiya lau, ita ce ma take tambayarsa ko wani ne ya rasu.

Daga tsakar gidan ya kira ni.

"Injiniya, wa ya ce maka mahaifiyata ta faɗi?"

"Ranka ya daɗe, firinta ce."

"Firinta?"

"Ta ɗakin akawu, ranka ya daɗe."

Ya yi shiru har na ɗauka layi ya yanke. Can sai ya ce, "Ga wani ya shigo. Wai ta farfaɗo."

An kawo wuta ke nan. Irin wutar nan ce kuma mai ƙyaftawa, don haka kafin asuba Hajiya ta sha faɗuwa tana farfaɗowa. Abin da ya ceci aikina shi ne kuɗin da ke layin modem ya ƙare.

Da safe na zauna na karanta abin da na tsallake. Manhajar tana da wurin nuna mata wace na'ura ce uwa: idan ta san komai na saman bene ta suwic yake bi, to ƙarar suwic kaɗai za a kawo, sauran a lissafa su cikin waɗanda ba a iya kaiwa gare su. Na mai da gwaji sau 3, maimaita ƙara bayan awa guda, na kunna tsarin da ke rufe bakin na'ura mai tashi tana faɗuwa. Firintoci na ce sai lokacin aiki, don ban taɓa ganin wanda ya mutu saboda firinta ta kwana a kashe ba. Lambar Alhaji na goge ta, Hajiya kuma ta koma Firinta 2.

Daga nan shiru ya sauka. Ko tes ɗaya. Har na fara taku irin na wanda ya iya aikinsa, sai ranar da akawu ya zo yana faɗa wai tun safe babu intanet a sama. Na duba waya, babu komai. Na nufi lungun da na ajiye kwamfutar sa-ido, na tarar da ita a mace, ga cajar Baba maigadi a soket ɗinta.

"Baba, tun yaushe ka cire wannan?"

"Ai tun wancan makon, ɗana. Na ga ba mai zama a gabanta."