Mu da Ɗigo Uku

Mu nan gabashin Sakkwato ba mu cika ƙarasa magana ba, kuma ba yau muka fara ba. Dattijo a Wurno zai ce, "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta..." sai ya ja bakinsa. Ba wanda zai ce, "Baba, sai mi?" Kowa ya san sauran. Matar da ke kunyar sunan mijinta ko na ɗanta na fari haka take yi, ta iso bakin sunan ta tsaya, mai sauraro ya cike da kansa.

Malamanmu ma suna da tasu hanya. A Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, ya rasu a 1837, har gobe in malami ya jawo aya bai kai ƙarshenta ba yakan ce "ila ahirihi", almajiri ya gane an taƙaita. Aikin ɗigo uku ke nan a boko: ka ɗauko maganar wani, ka cire wani yanki, ka sa alama don kada a zaci iyakar abin da ya faɗa ke nan. Wannan amana ce, kuma ina ganin girmanta.

Da waya ta shigo, sai muka sake wa ɗigon linzami. Uku ne a ƙa'ida, amma a WhatsApp wani sai ya jera bakwai. Saurayi a Raba ya rubuta "Ƙanwata..." ya tsaya nan, wannan kam kunya ce, ba laifi. Dillalin albasa da tafarnuwa kuwa, manomi ya tambaye shi kuɗin buhu ya amsa da "To, Alhaji...", wannan ɓoye farashi ne.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne labarin tsaro. Tun harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021, saƙo irin "Mutanen nan kuma..." ya isa ya hana uwa barci, in ɗanta na kan hanya. Na san tsoro ke sa mu haɗiye sauran, ba na zargin kowa. Amma don Allah, 'yan'uwa, in kun ji motsi ku rubuta sunan ƙauyen, da hanyar da aka tare, da lokacin da abin ya faru, direban da ya ɗauko fasinja daga Sakkwato ya san ko ya ci gaba ko ya kwana a Wurno.